Na tarar da fayafayan garmaho 41 a adakar kakanmu, yaya zan juye su a kwamfuta?

DanTaura:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar masu sani. Bayan sadakar arba'in ta kakanmu, Allah ya jiƙansa, muka buɗe wata tsohuwar adaka a ƙuryar ɗakinsa, a ƙauyenmu nan kusa da Taura. Ƙarƙashin tsofaffin riguna muka tarar da fayafayan garmaho guda 41. Iri uku ne: manya marasa nauyi guda 12, ƙanana guda 20, sai wasu guda 9 masu kauri da nauyi, in ka ƙwanƙwasa su kamar tangaran. Gara ta ci kwalayen wasu, amma fayafayan suna nan. Yawancinsu waƙoƙin Hausa ne na kalangu da goge da gurmi, akwai na Indiya kaɗan, da wasu da aka ce daga Sudan ya zo da su lokacin da ya je Makka ta ƙasa.

Na shiga Kano na sayo garmaho na lantarki, na gwanjo, irin mai bel. Na ja waya daga bayansa na soka a ramin makirufo na laftof. Sauti ya fito, amma ƙasa-ƙasa, siriri kamar ana waƙa a cikin gwangwani, ga wani gurnani da ba ya tsayawa, kuma muryar mawaƙin tana ja kamar rakodar da batirinta ya kusa ƙarewa. Kakarmu tana raye, ta haura shekara 80, so nake ta ji waɗannan waƙoƙin tun kunnenta yana ji. Me na yi ba daidai ba?

MaiGyaranRediyo_Wudil:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan tsoho, ya kai haske kabarinsa. Ɗana, kafin komai, ka dakata, kada ka ƙara ɗora ko faifai ɗaya. Faifan da ya shekara da shekaru a adaka yana da ƙasa a cikin layinsa, in allura ta bi ta kai tana niƙa ƙasar nan ne a jikin layin, kuma abin da ta goge ba ya dawowa.

Manyan nan 12 su ne masu gudun 33 da sulusi a minti, kowace fuska tana ɗaukar wajen minti 20. Ƙananan masu gudun 45 ne. Guda 9 ɗin nan masu nauyi su ne na asalin garmaho mai wani, wato wanda ake wanawa da hannu, gudunsu 78, kowace fuska waƙa ɗaya ta kamar minti uku. Su ba roba ba ne, in suka faɗi ƙasa sun fashe. Ka ware su gefe guda tukuna, allurar da ke kan injinka ba tasu ba ce.

Yanzu juya injin ka karanto mana abin da aka rubuta a bayansa, wajen da wayar wuta ta fito.

DanTaura:
Na gode Baba. An rubuta 120V 60Hz. Mai shagon ya haɗo mini da ƙaramin taransifoma ya ce da shi zan riƙa amfani. Akwai kuma wata siririyar waya mai baki kamar cokali mai yatsu biyu, ban san inda za ta ba, na bar ta a sake.

Injiniya_Gumel:
To ga matsalolinka uku sun fito fili, kowace da dalilinta.

Jan muryar: injin nan don Amurka aka yi shi. Wutarsu tana bugawa sau 60 a daƙiƙa, tamu sau 50. Motar da ke juya farantin irin waɗannan injinan da bugun wuta take ƙidaya gudunta. Taransifoma ya rage maka 230 zuwa 120, amma ba ya taɓa bugun. Saboda haka maimakon 33 da sulusi, farantinka yana juyawa kusan 28 ne, maimakon 45 kuma 37 da rabi.

Siririn sautin: lokacin da ake yanka faifai da gangan ake rage kaurin amo a ƙara zaƙinsa, don layin ya yi ƙanƙanta waƙa ta samu wuri, kuma don a danne shuuu ɗin roba. Tsarin da aka daidaita a kai tun 1954 shi ake kira RIAA. Dole a samu na'urar da za ta mayar da abin yadda yake, ta kuma ɗaga sautin, don abin da kan allura ke fitarwa bai wuce 'yan milibolt ba. Ita ce ramin da ake rubuta wa PHONO a bayan tsofaffin amfilifaya. Ramin makirufo na laftof bai san wannan aikin ba, kuma galibi ɓangare ɗaya na sauti yake ɗauka, ba hagu da dama ba.

Gurnanin: wayar nan da ka bari a sake ita ce at, wato wayar earth mai kashe gurnanin wuta. Akwai ƙusa mai juyawa da aka rubuta wa GND kusa da ramin PHONO, can ake ɗaure ta.

SaniMaiCajinWaya:
Ni fa a ganina an tsawaita magana. Ya kunna faifan a sifika, ya kara waya ya ɗauka, shi ke nan. Haka muke yi wa mutane da tsofaffin kaset a shagona ranar kasuwa, kuma ba wanda ya taɓa dawo da memori ya ce bai ji ba.

Yar_Kazaure:
Malam Sani, za a ji, amma har da kukan akuya da babur ɗin da ya wuce ƙofar gida. Mun yi haka da kaset ɗin bikin iyayenmu, daga baya kaset ɗin ya tsinke, yanzu abin da ya rage mana shi ne wannan ɗaukar ta waya, duk lokacin da na saurara sai raina ya ɓaci. Abin da sau ɗaya za a yi shi a rayuwa a yi shi da kyau.

SaniMaiCajinWaya:
Gaskiyarki Hajiya, ban ƙi ba. Tsohuwar nake dubawa, kada a tsaya neman kayan aiki wata shida.

MaiGyaranRediyo_Wudil:
Maganar Sani akwai hankali a ciki, amma ba sai an yi wata shida ba. Hanya biyu ce. Ko ya nemi tsohuwar amfilifaya mai ramin PHONO, ya fitar da sauti ta inda aka rubuta TAPE OUT ko REC OUT ya kai kwamfuta. Ko kuma, wanda ya fi sauƙi, ya sayi 'yar ƙaramar na'ura mai USB wadda take da PHONO a jikinta. Wadda na sani na kuma yi aiki da ita ita ce Behringer UFO202: tana da ramuka biyu ja da fari, da ƙusar at, da maɓallin zaɓi tsakanin PHONO da LINE, kuma daga laftof take shan wuta. Ka lura da sunan, akwai 'yar'uwarta UCA202 mai kama da ita sak, ita ba ta da PHONO. Ka tambaya wajen masu kayan sauti a Sabon Gari, in babu a yi maka oda.

Injiniya, game da jan murya ina da ƙari. Kada mu ɗora wa wuta laifin duka. Bel ɗin injin gwanjo ya sha zafi a kwantena, yana saki. In ya saki gudun ba ya tsayawa wuri ɗaya, murya ta riƙa lilo. Ya ɗaga farantin ya duba, in bel ɗin ya yi laushi ko yana manne wa hannu, a auna shi a canza.

Injiniya_Gumel:
Haka ne Baba, na manta da bel. Akwai manhajojin waya da ake ɗora wayar a kan faranti tana juyawa, su nuna gudun. In ya ga 28 tsaye ba motsi, wuta ce. In lambar tana hawa tana sauka, bel ne ko janareta.

Maganin wutar kuma uku ne. A canza fulin motar, wato ɗan ƙarfen da bel ke zagayawa, a sa na 50, sai dai samunsa da wuya. Ko a ɗauka a hakan a gyara a kwamfuta, a ninka gudun da 1.2. Ko kuma, tunda DanTaura a ƙauye yake, in akwai batirin sola mai 12, ya nemi ƙaramar inbata ta gwanjo irin ta Amurka mai fitar da 120V 60Hz. Injin nan wutar da yake ci ba ta kai ta tsohon ƙwan fitila ba. Da ita gudun zai zauna daidai, ya huta da taransifoma. Sharaɗi ɗaya: ta zama mai tsaftatacciyar wuta, wadda ake rubuta wa pure sine. Mai arhar nan tana sa mota zafi, tana kuma cusa zzzz a cikin sauti.

BabanAmira_Ringim:
Janareta kam kada ma ya gwada. Na gwada da ƙaramin injinmu, duk lokacin da aka kunna firji a cikin gida sai ka ji mai gogen ya sauka, in firjin ya tsaya ya koma sama. Sai da na sake ɗaukar fuska shida. Wani abin kuma: in kana ɗauka ka cire cajar laftof, ya yi aiki da batirinsa. Rabin gurnanin da na sha fama da shi daga cajar nan yake.

Kawu_Garko:
Kun tuna mini da. Muna yara a garinmu mutum ɗaya ne ke da garmaho, wani tela. Ranar sallah sai ya fito da shi ƙofar gida a shimfiɗa tabarma, ya wana shi da hannu, mu kuwa muna leƙen inda mutanen suke ɓoye a cikin akwatin. Alluran ƙarfe ne a ɗan gwangwani, kowace fuska sai ya canza sabuwa, mu tsince tsofaffin. Fayafayan akwai hoton kare yana sauraren ƙaho a jikinsu. Ni da garmahon nan zan samu, da shi zan ji su, don sautinsa daban ne.

MaiGyaranRediyo_Wudil:
Yaya, Allah ya ƙara lafiya. Mai karen nan shi ne His Master's Voice. Amma ina roƙon duk mai karantawa, kada ya ɗora faifan roba, wato mai 33 ko 45, a kan garmaho mai wani. Kansa ya haura giram 100 a nauyi, allurar zamani kuwa giram 2 take sauka da shi. Juyi ɗaya ya isa ya kashe faifan. Ko masu 78 ɗin ma kowane ji yana cin su, shi ya sa na telan nan duk suka koma fari-fari.

UmmuKhalil:
Tambaya: da me ake wanke su? Mu ma akwai guda bakwai a gidanmu a Birnin Kudu, na ji an ce kananzir yana sa su ƙyalli.

Yar_Kazaure:
Don Allah Maman Khalil kada ki sa kananzir, kada ki sa man gyaɗa, kada ki sa garin sabulun wanki. Ƙyallin na ido ne kawai, man yana zama cikin layin ya kama ƙura ya toshe allura. Yadda wani malaminmu ya koya mini: tataccen ruwa, a ɗiga sabulun wanke-wanke na ruwa ɗigo ɗaya ko biyu a kofi, a samu burushin fenti sabo mai laushi a bi layin a zagaye, ba a tsallake ba. A ɗauraye da tataccen ruwan, a kiyaye takardar tsakiya kada ta jiƙe, a jingine shi a inuwa ya bushe sarai. Ruwan rijiya da na burtsatse suna barin farin gishiri in sun bushe, sai ki ji faifan yana ƙas-ƙas fiye da da.

SaniMaiCajinWaya:
Tataccen ruwa ai shi ne ruwan batir, kowane mai cajin batir yana da shi.

Injiniya_Gumel:
Sani, a nan a yi hattara sosai. In ka ce wa yaron shago ruwan batir, yana iya miƙo maka mai asid. Wanda ake nufi shi ne farin ruwan da ake ƙara wa batir in ya ƙafe, ba mai ƙona riga ba. Wanda bai tabbata ba ya saya a kemis, a rufe.

Sannan masu 78 ɗin nan daga wani ƙaro ake yin su, wanda wani ƙwaro ke fitarwa a jikin itatuwa a Indiya da Tailan. Sifirit yana narkar da shi. Duk wani ruwan goge-goge mai sifirit kada ya kusance su, kuma kada a jiƙa su a bar su cikin ruwa, a wanke da sauri a tsane.

DanHadejia_77:
Ni dai tambayata ga DanTaura: na gurmin nan na waye? In na Haruna Uji ne, mu mutanen Haɗeja muna da haƙƙi a kanka, wallahi har Taura zan zo in ji. Mahaifina direban babbar mota ne, da waƙoƙinsa muka tashi.

Sai gargaɗi daga abin da ya same ni. Na ɗauko guda biyar daga gidan kawuna a watan Afrilu, na ajiye su a bayan mota na shiga kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Awa uku kacal. Na dawo na tarar sun lanƙwashe kamar ganyen kabewa. Ɗaki mai rufin kwano ma a bazara bai dace da su ba. A ajiye su a tsaye kamar littattafai, a ɗakin ƙasa mai sanyi, kada a jibga su kan juna, kuma a ɗaga su daga ƙasa saboda gara.

UmmuKhalil:
Wanda ya lanƙwashe yana miƙewa? Biyu daga cikin namu haka suke.

DanHadejia_77:
Na sa nawa tsakanin gilasai biyu na ɗora littattafai, a cikin ɗaki, wata biyu. Biyu sun yi dama har allura tana bi, uku ba su dawo ba. Wani ya ce in kai su rana cikin gilashin, na gwada da ɗaya, ya miƙe amma layin ya lalace, muryar tana rawa. Ban ba ki shawarar rana ba.

AbbaDiscs:
Sallama. Ni ina sayen tsofaffin fayafayi, kuɗi hannu. DanTaura in ka gama juyewa ka yi mini magana, tunda waƙar tana kwamfuta robar ba ta da sauran amfani a wurinka.

Yar_Kazaure:
Malam Abba, ciniki halal ne, amma maganar cewa ba ta da sauran amfani ban yarda ba. Kwamfuta tana mutuwa, filash yana ɓata, faifan nan kuwa ya shekara 50 ko fiye a adaka ga shi yana magana. Kuma kayan gado ne, ba na DanTaura shi kaɗai ba. Masu yawo ƙauyuka suna kwashe su a arha, su ƙare a Turai da Japan, jikokinmu su zo suna neman tarihin kiɗanmu a hannun wasu. Wanda zai sayar ma ya fara duba lambar faifan a Discogs, shafin intanet na fayafayi, ya ga ko an san shi da abin da ake sayar da irinsa.

AbbaDiscs:
Hajiya, da yawan waɗanda nake saya a bola nake tsamo su, ko an mai da su marfin tulu. Da ban saya ba da yara sun yi wasan gare da su. Ban ce ya sayar dole ba.

MalamIdi_Makaranta:
Ku bar batun ciniki, ku dawo kan tambayar yaron. Ba wanda ya gaya masa yadda zai saita hannun injin, kuma nan ne ake kashe faifai.

Malam DanTaura, ka ɗora injin a teburi mai ƙarfi da ba ya girgiza, a kan daɓen siminti. Ka ari ma'aunin nan na magina mai ɗigon ruwa ka tabbatar farantin bai karkace ba. A bayan hannun akwai dunƙulen ƙarfe mai lambobi. Ka murɗa shi har hannun ya tsaya a iska shi kaɗai, bai yi sama ba bai yi ƙasa ba. Sai ka riƙe dunƙulen ka juya zoben lambobin kawai ya koma sifiri. Daga nan ka murɗa duka biyun tare zuwa nauyin da kan allurarka yake so. Yawanci tsakanin giram 1.5 ne da 2.5, wasu har 3.5, ka nemi lambar da ke jikin kan ka bincika. Akwai ɗan maɓalli kusa da gindin hannun mai hana allura zamewa ciki, ka sa shi a lamba ɗaya da nauyin. In kana da aboki mai sayar da gwal, ƙaramin sikelinsa zai tabbatar maka.

Abin da na ga mutane suna yi na ɗora kwabo ko ƙusa a kan allura don kada ta yi tsalle, ɓarna ce. Kuma rashin nauyi ma ɓarna ne, allurar tana karo da bangon layin tana fasa shi. Sannan allurar da ta zo da injin gwanjo ba ka san awa nawa ta yi ba. Ka sayi sabuwa kafin ka taɓa faifan kakanka.

BabanAmira_Ringim:
Bari in ɗora da ɓangaren kwamfuta, tunda shi na fi sani. Audacity za ka sauke, manhajar ɗauka da gyaran sauti, kyauta ce. Ka zaɓi na'urar USB ɗin a matsayin inda sauti ke shigowa, ɓangare biyu, 44100, daidai da na faifan CD. Windows wani lokaci tana ɗaukar na'urar a matsayin makirufo mai ɓangare ɗaya, sai ka shiga saitin sauti ka mayar da ita biyu. Ka fara gwaji da wurin da kiɗa ya fi ƙarfi, ka ga ma'aunin yana tsayawa wajen -6, kada ya taɓa sifiri, don in ya fashe ba gyara. Ka kashe sifika, ka saurara da abin kunne, kuma a hana yara guje-guje kusa da teburin.

Ka ɗauki fuska guda cur ba tsayawa, ka ajiye ta a WAV yadda ta fito, ba gyara ko kaɗan. Wannan ita ce uwa, ba a taɓa ta. Kwafinta za ka yanka waƙa-waƙa, Ctrl da B yana sa alama a farkon kowace. WAV yana cin kamar megabait 10 a minti, manyanka 12 duka ba za su wuce gigabait 5 ba. In wuri ya yi ƙaranci FLAC yana rage kusan rabi ba tare da an rasa komai ba. MP3 kuma na turawa a waya ne da memorin rediyon tsohuwa. Uwar a ajiye ta wuri biyu, ɗaya ma ba a gidanku ba.

DanHadejia_77:
Baban Amira, ba ka faɗi yadda ake cire ƙas-ƙas ɗin ba. Ni Noise Reduction nake sawa sosai, sai ya yi tsit kamar sabo.

BabanAmira_Ringim:
Ɗan'uwa, nan ne ni da kai muka rabu. Na yi irin naka da farko, sai mahaifina ya saurara ya ce ina 'yan amshin suka tafi, muryarsu ta koma kamar daga cikin randa. Na'urar ba ta san kiɗanmu ba. Click Removal in ka matsa masa, bugun kalangu mai kaifi da tsinken gurmi yana ɗaukarsu ƙas ɗin faifai ne ya aske musu kai. Yanzu manyan ƙas-ƙas ɗin kawai nake bi ɗaya-ɗaya in gyara da hannu, in bar shuuu ɗin a wurinsa. Kunne yana mantawa da shi bayan minti ɗaya. Dabara ɗaya mai amfani: da yawan tsofaffin fayafayan nan ɓangare ɗaya aka ɗauke su. In ka haɗe ɓangarorin biyu suka zama ɗaya, hayaniyar tana raguwa da kanta ba ka taɓa waƙar ba.

DanHadejia_77:
Ni dai nawa kunnen ya fi son mai tsit. Amma na karɓi maganar ajiye uwa, da ban yi ba.

MalamIdi_Makaranta:
Akwai abin da ya fi duk wannan gaggawa, kuma ba ya buƙatar wuta. Ka ɗauki hoton takardar tsakiyar kowane faifai, fuska biyu, da kwalinsa ko da gara ta ci rabi. Ka rubuta sunan kamfani, da lambar faifan, da ƙananan lambobin da aka zana a jikin robar kusa da takardar. Sannan ka zauna da Hajiya kakarka da littafi da biro. Waƙoƙinmu cike suke da sunayen mutane: sarkin noma na gari kaza, wani direba, wata 'yar kasuwa, wani hakimi. Ita za ta iya ce maka wannan ɗan gidan wane ne, wannan faifan ranar bikin wance aka saye shi. Faifan zai jira ka shekara goma. Wannan ilmin a kanta yake. Ka kunna rakodar wayarka tana magana, nan ne shawarar Sani ta yi daidai. Masu bincike a Jami'ar Bayero da Gidan Ɗan Hausa irin wannan bayanin suke nema ido rufe.

SaniMaiCajinWaya:
Na gode Malam. In ya gama ya kawo mini kwafi, in riƙa tura wa mutane a kasuwar Gujungu, tsofaffi suna tambayar irinsu kullum.

Lauya_Dutse:
Sani, a nan akwai gyara. Juyewa don adanawa da jin iyali daban, sayarwa daban. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, waƙa tana cikin kariya har shekara 70 bayan rasuwar mai ita. Mawaƙan nan da yawa suna da 'ya'ya da jikoki a raye, wasu ma ba su da kwafin waƙar ubansu. In za a yi alheri, a nemi iyalin a kai musu kwafi, in ana son yaɗawa a nemi yardarsu.

DanTaura:
Jama'a, Allah ya saka da alheri, ga inda aka kwana bayan sati uku. Na samu na'urar USB ɗin, na ɗaure wayar at, gurnanin ya ɗauke. Bel ɗin ya saki kamar yadda Baba na Wudil ya ce, an canza. Inbata mai 60 ban samu ba, don haka da 1.2 nake gyarawa. Sabuwar allura ta iso. Na wanke ƙanana guda huɗu na juye su. Da na kunna wa Hajiya na farko, ba ta ce komai ba sai da ya ƙare, sannan ta ce a sake. A na biyun ta riƙa amshi, ta kuma gaya mini wanda ake yi wa waƙar wani fatake ne da yake sauka a gidan mahaifinta. Na cika shafi shida. DanHadejia, na gurmin biyu ne, takardar ɗaya ta goge, ɗayan zan turo maka hoto ka karanta da kanka.

Saura guda 9 ɗin nan masu nauyi, kuma su ta fi tambaya. Injina 33 da 45 kawai yake da su.

Injiniya_Gumel:
Madalla. Ka tabbatar Change Speed kake amfani da shi ba Change Tempo ba, don na biyun ba ya gyara kaurin murya.

Masu 78 ana iya ɗaukarsu a 45 a ƙara gudu daga baya. Ga mai injin da ke daidai, ninkin 1.733 ne. Naka da yake 37 da rabi yake yi, 2.08 ne. Sai dai akwai aiki: na'urarka tana sa gyaran RIAA a gudun da ba daidai ba, dole a warware shi a Audacity kafin a ƙara gudun, kuma da yawan masu 78 an yanka su tun kafin a daidaita kan RIAA, sai an bi da kunne. Allura kuma dole tasu: layinsu ya ninka na roba faɗi wajen sau huɗu, siririyar allurarka za ta nutse ƙasan layin ta kwaso ƙasa maimakon waƙa.

MaiGyaranRediyo_Wudil:
Injiniya, lissafinka daidai ne, amma ni ba zan sa yaro ya koyi wannan a kan faifai tara da ba su da madadi ba. Ina da tsohon inji mai 78 a shago, motarsa lafiya lau, allurar 78 ɗin ce ta ƙare, na aika a nemo mini. Ɗana, ka duba su a haske ɗaya-ɗaya ka gaya mini ko akwai mai tsaga. In za ka taho da su, kowanne tsakanin kwali biyu, a tsaye, a kan cinyarka, ba a but ba.

DanTaura:
To Baba. Na duba, biyu suna da tsaga daga baki, ɗaya ta kai kusan rabin faifan. Shi ma in taho da shi, ko a bar shi a gida?

UmmuKhalil:
Baba, in allurar ta iso a sanar a nan don Allah. Na duba namu na Birnin Kudu, uku daga ciki irin masu nauyin ne, kuma har yanzu ban wanke ko ɗaya ba.